Sawun Abba a Kwarin Hanifa

Unguwar Shifa, Riyad
Watan Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo Hindatu,

Assalamu alaikum. Gwaggo, akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ke zan gaya wa, amma bari in fara gaishe ki. Ina fata kina lafiya, ke da yaran ajinki. Yaya ƙafar Inna? Har yanzu tana kumbura in ta daɗe a zaune? Ki gaishe ta, ki ce jikarta, ƙawarta, ta ce har yau ba ta ci tuwon dawa ba tun wanda ta tuƙa mini na sallama. Mu nan lafiya lau, sai Abba da likita ya ce suga ya yi masa yawa.

Maganar ita ce, ina so in dawo gida.

A waya ba zan iya faɗa ba, domin wayar ta Umma ce, kuma gidan ɗaki biyu ne, ko tari mutum ya yi kowa ya ji. Anti Bashira maƙwabciyarmu, 'yar Maraɗi, matar wani ɗalibi, ita za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki. Karatun Larabci ta yi, ba ta karanta boko, shi ya sa na yarda. In za ki amsa, ki turo ta wayarta.

Ba dukana ake yi ba, ba a hana ni abinci ba. Kaza ma har ta gundure ni. Amma tun da na zo ba wanda ya kira sunana. Na san ni 'yar fari ce, na san kunya ce take hana iyaye kiran ɗan fari, ba yau na sani ba. Sai dai a Roni, in Abba ya zo hutu ya kau da kai, akwai Inna, akwai ke, akwai matan gida, ban ma cika lura ba. Nan kuwa daga ni sai su. Abba zai ce wa Shakir, "Gaya wa yayarka ta kawo ruwa," alhali ina tsaye a gabansa. Umma kuma "ke" ce kawai, wani lokacin ma cokali take bugawa a jikin tukunya in gane da ni take.

Shakir da Ruƙayya a nan aka haife su. Larabci suke yi a tsakaninsu, in na sa baki sai su kalli juna. Ruƙayya ta ce Hausata irin ta tsofaffi ce. Da yamma ina zuwa makarantar hadda ta mata a unguwarmu. Karatun ina bi, hirar ce ba na ganewa. Wata rana sai magariba ta yi in tuna ban buɗe bakina ba in ba a salla ba.

Ban da makaranta, fita ɗaya nake yi, ranar Juma'a. Bayan asuba Baba Maulud, abokin Abba mai a-kori-kura, yana ɗaukarmu ni da Abba, ya kai mu can bayan gari inda ba gidaje, ya sauke mu ya juya. Sai mu kama tafiya a ƙasa cikin wani kwari, tsakanin duwatsu, ba ma bin titi. Abba a gaba, ni a baya da gorar ruwa. Ba ya magana, ni ma ba na yi. In rana ta ɗaga Baba Maulud ya tsince mu a wani wurin daban. Ƙafata har ta yi bororo. Abba ya ce a gaya mana kada mu riƙa yaɗa zancen tafiyar nan a cikin mutanenmu.

Gwaggo, ina tuna ɗakin Inna da asuba, in ta tashe ni tana cewa, "Muhibba, rana ta fito a kan malalaciya," alhali ko kiran salla ba a yi ba. A da haushi nake ji.

Don Allah kada ki gaya mata tukuna. So nake kawai wani ya sani.

'Yarki,
Muhibba

*

Roni
Watan Disamba

Muhibba 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta a lokacin tara, na sake karantawa a gida. Mu nan lafiya. An gama girbi, gyaɗa ta yi kyau bana. Ƙafar Inna da sauƙi, ido ne yanzu yake ba ta wahala. Ki gaishe da Yaya da Ummanki da yaran. Rubutun nan naki har yanzu hawa tudu yake yi, ba na ce ki riƙa bin layi ba?

Maganar suna, ki yi haƙuri, haka muka tarar. Ba ita ta hana ni barci ba. Tafiyar nan ce.

Ki gaya mini gaskiya, takardun zamanku sun ƙare ne? Mutum da aikinsa, a ƙasar da ake cewa ko mai shara da motarsa, ya ɗauki 'ya mace da duku-duku, a kai su daji a sauke, ba sa bin titi, a ɗauke su a wani wurin daban, sannan a ce kada a faɗa. Ina za ku? Wa ya aike ku? Tun da nake ban taɓa jin mai hankali ya yi tafiyar da ba gona, ba kasuwa, ba gaisuwar mutuwa ba. Isiyaku na gidan Sarkin Fawa, wanda aka dawo da shi daga Jidda, ya sha ba mu labarin yadda suke yini cikin duwatsu in an ce za a zo kame. Na je na tambaye shi, ban kama suna ba, na ce wasu ne. Ya ce, "Malama, wannan ai ba sai an duba ba, gudun kame ne."

Na san halin Yaya, ko wuta ce a jikinsa zai ce ɗumi yake ji. Amma bai kamata ya sa ki a ciki ba.

Kin ce kada in gaya wa Inna. Na riƙe iya ƙarfina. Idonta ne ya tafi, kunnenta na nan, a muryata ta gane. Ta ce, "Hindatu, me ya sami yarinyar?" Ban gaya mata maganar suna ba. Na ce dai kina kewar gida, kuma ana yawo da ke a daji, ban san dalili ba. Ta ajiye carbinta, ranar ba ta taɓa abincin dare ba.

Ki yafe mini, kuma ki amsa da sauri.

Gwaggonki,
Hindatu

*

Unguwar Shifa, Riyad
Watan Janairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Allah ya ba Inna lafiyar idon nan. Mu lafiya, sugan Abba ma an ce ya ɗan sauka. Ki yi haƙuri da daɗewar amsa. Anti Bashira ta bi mijinta Madina hutu, sai shekaranjiya ta dawo ta nuna mini takardarki.

Gwaggo, ba kame ba ne. Iƙamarmu, wato takardar zama, lafiyarta ƙalau. Laifina ne da ban yi bayani ba, na ɗauka da na ce suga kin gane. Likita ne ya ce Abba ya riƙa tafiya a ƙasa, domin aikinsa a sito na zama ne. Ya fara da zagaya unguwa, sai mutanenmu suka hana shi sakat. Duk Bahaushen da ya gan shi sai ya taka birki, "Malam, lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in rage maka hanya." In ya ce motsa jiki yake yi, a yi masa dariya, in ya ce suga ne, a fara zuwa dubiya. Shi ya sa ya koma bayan gari, shi ya sa kuma ba ya son a sani. Umma ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, kada sugan ya faɗi masa a inda ba kowa. Shakir ya je sau ɗaya ya ce ba zai ƙara ba. Saura ni.

Kwarin sunansa Wadi Hanifa. Dogo ne ƙwarai, ya faro daga arewa da gari, ya bi ta gefensa ya yi kudu. Abba ya yi niyyar binsa daga sama har ƙasa kaɗan-kaɗan, duk Juma'a mu ɗora daga inda muka tsaya.

Bari in ba ki labarin Juma'ar da ta wuce, ko hankalinki ya kwanta. Baba Maulud ya sauke mu gari bai gama wayewa ba, yana tsokanar Abba, "Malam, ni da ƙafa na baro garin Tawa don in sami mota, kai ka sami mota kana neman ƙafa." Abba ya ce, "Kai dai ka zo da wuri, kada mu rasa huɗuba."

Sanyi ake yi sosai, har hayaƙi ke fita daga bakinmu. Da ƙarar motar ta ɓace sai shiru, irin shirun gona bayan an kwashe amfani. Hanyar siririya ce, an jera duwatsu a gefenta. Dama da hagu tudun dutse ne, ya miƙe kamar an yanka shi da wuƙa. Ba a jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin takalmi da kukan kurciya. Har tumfafiya akwai, Gwaggo. Na ɗauka tamu ce mu kaɗai. Mun wuce gonakin dabino da aka kewaye da katangar ƙasa, wani wurin ta zube kamar ta gidan marigayi Liman. Daga ciki injin ban ruwa yana bugawa a hankali. Wani ma'aikacin gona ya ɗaga mana hannu, muka ɗaga masa.

Can sai Abba ya tsaya a gindin wata bishiya ya ce, "Ikon Allah, kurna. A Roni akwai wata a bayan maƙabarta, mun sha duka a kanta." Bishiyar yake kallo. Na waiwaya, ba kowa a wurin sai ni. Ya tsinci 'ya'yan da suka zubo, ya hure su, ya ɗora a kan wani dutse, ya yi gaba. Na kwashe na ci. Ba su kai na gida zaƙi ba.

Gaba kaɗan muka haɗu da wasu mata Larabawa da sanduna da jakar goyo. Ashe su ma tafiyar suke yi, don jin daɗi kawai, har ƙungiya gare su. Babbarsu ta tsaya ta gaishe mu, ta ce masha Allah, sannan ta tambayi Abba sunana. Wannan kam na gane. Sai Abba ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Matar tana jira, shi yana ɗauri. Da shirun ya yi yawa na faɗa da kaina. Ta maimaita, ta ba ni lemo, suka wuce. Abba ya miƙe ya kama hanya da sauri kamar an biyo shi. Na rasa ko dariya zan yi.

Daga nan ne na yi wani abu. Na lura tun da muka fara tafiyar nan bai taɓa waiwayowa ba. Na ce a raina, in na tsaya, sai ya kai ina kafin ya san ba na nan? Sai na laɓe a bayan wani dutse na yi shiru. Bai yi nisa ba ya tsaya. Bai juyo ba. Ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duban hadari, sama kuwa tas. Ya tsaya, na tsaya. Da na taka tsakuwa sai ya ci gaba. Na sake gwadawa a gaba, haka ya sake yi. Ashe duk tafiyar nan da kunne yake kallona.

Gwaggo, abin da na rubuta a waccan takardar ba ƙarya ba ne, har yanzu gidan shiru ne, har yanzu ina kewar Inna. Amma ki karanta mata wannan, ki ce ba abin da ya same ni. Kada ta yi komai tukuna.

'Yarki,
Muhibba

*

Roni
Farkon Fabrairu

Muhibba,

Wa alaikumus salam. Mu nan sai godiya. Yaran ajina sun dawo hutu sun manta komai. Alhamdu lillahi da ba kame ba ne, na yi sadakar ƙosai. Isiyaku kuwa in na gan shi sai in bi ta wani lungun. Wato Yaya da girmansa, daji yake aunawa da ƙafa saboda likita. Allah ya ba shi lafiya.

Sai dai 'yata, takardarki ta makara. Da muka ji shiru, Inna ta sa aka kira Baffanki Dalhatu, ta ce ya buga wa Yaya waya. Kin san ba ta magana da shi kai tsaye, shi ma ɗan farinta ne. Ta zauna a gefe ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mutumin Makka ya dawo mini da yarinyata kafin azumi." Yaya ya ce to. Bai tambayi dalili ba. Daga baya ne ya gaya wa Dalhatu cewa in aka soke takardar zamanki, sake samunta abu ne mai wuya, fitar ba ta komawa ba ce. Duk da haka to ɗin dai ya ce.

Na karanta mata takardarki tun daga farko har ƙarshe. Ta yi dariya wurin igiyar takalmi har da tari. Sannan ta ce, "In tafiya take so, ga hanyar gona nan, ba a rufe ta ba." Na ce, "Inna, yarinyar ta ce a dakata." Ta ce, "Na riga na faɗa."

Ba zan ɓoye miki ba, ta ja baya tun tafiyarki. Idon dama ya rufe, na hagu inuwa kawai yake gani. Da asuba wani lokacin sai in ji ta kira ki, sannan ta tuna, ta mai da shi salati. Ta sa an fitar da katifarki an shanya. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa ƙawarta na hanya.

Kin ce Yaya da kunne yake kallonki. Gado ya yi. Ni ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Ranar da zai tafi Saudiyya, gari ya fito rakiya, ita ta ƙi, ta ce tankaɗe take yi. Garin da ta tankaɗe ranar nan mun daɗe muna ci bai ƙare ba. Har yau in tana son jin labarinsa sai ta ce, "Ko an yi ruwa a can?"

Ni na buɗe baki na jawo wannan, na sani. Yanzu ban san abin da zan roƙa miki ba. In kin zo zan yi murna, ita kuma ba a magana. Amma takardarki ta biyu ba irin ta farko ba ce, ko makaho ya ji bambancin.

Gwaggonki,
Hindatu

*

Unguwar Shifa, Riyad
Ƙarshen Fabrairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Baffa Dalhatu. Allah ya kai mu azumi lafiya. Mu nan lafiya, sai abin da zan faɗa miki.

Da na karanta takardarki na gane abin da ke faruwa a gidanmu, domin ba wanda ya gaya mini. Umma ta sayo dabino da turare da darduma ta ce na Inna ne. Ta wanke kayana duka, har waɗanda ba su yi datti ba, ta ninke, washegari ta warware ta sake ninkewa. An ce wata Hajiya Bilƙisu za ta tafi Kano, ita zan bi. Ta aiko a kai mata fasfona ranar Lahadi ta yanki tikitinmu tare.

Ranar Juma'a mun fita kamar kullum. Yanzu mun wuce gari mun yi kudu. Nan kwarin da ruwa, yana gudu a hankali tsakanin ciyawar kacalla, zalɓe a tsaye a bakinsa ko motsi ba ya yi. Ba mu haɗu da kowa ba sai wasu awaki da ba mu ga mai su ba. Ina tafe ina kallon komai sosai, don in sami abin ba Inna labari.

Mun yi nisa, sai na ga tafiyar Abba ta canja, yana karkata gefe. Ƙeyarsa ta jiƙe da gumi, ga shi ana sanyi. Ya nemi dutse ya zauna, hannunsa na rawa. Duk Juma'a in na sa abayata sai in ji dabino a aljihu, ƙulle a leda. Ban taɓa ganin lokacin da Umma take sawa ba. Ranar farko ce kawai ta ce, tana kallon tukunya, "In ya fara gumi a ba shi." Na miƙa masa, ya kasa kwance ledar. Sai na kwance na sa masa a baki, ɗaya bayan ɗaya, na riƙe masa gorar ya sha. Tsoro ya kama ni, Gwaggo, ba gida ba mota, ko Larabcin neman taimako ban iya ba. Na yi ta karanta abin da ya zo bakina.

A hankali rawar ta tsaya. Ya goge fuska da hularsa. Ya matsa gefe, na gane wuri ya ba ni, na zauna a bakin dutsen.

Yana kallon ruwa ya ce, "Inna ta yi magana."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "An ce ana kewar gida."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ya ce, "Ba laifi ba ne. Ni ma shekarata ta farko a nan, in na ga jirgi sai in bi shi da ido har ya ɓace. Kuma gidan namu ba mutane, na sani. A Roni yaro iyayensa ba sa ƙirguwa. Nan biyu ne, su ma ga yadda suke."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Na ce, "Abba, kwarin ya kusa ƙarewa?"

Ya ce, "Da saura. Bana dai ba zai ƙare ba, zafi ya kusa. Sai sanyi ya dawo."

Na ce, "Wa zai riƙe ruwa?"

Ya ce, "Allah na nan."

Ya tsinci tsakuwa ya jefa cikin ruwan, zalɓen ya tashi. Sannan ya ce, "Ni ɗa ne. Uwa in ta ce a yi, an gama. Ban taɓa musa mata ba, ba zan fara da furfura ba." Na ɗauka ya gama. Sai ya ce, "Jika dai shi ne ba a yi masa iyaka. Na taɓa ganin wata tana ƙarama, Inna ta ce ta zo a yi mata kitso, ta haye rumbu ta ce ba za ta sauko ba. Aka yi dariya, aka bar ta."

Ni ce, Gwaggo. Ban ma san yana gari ba lokacin.

Da za mu tashi ya dafa kafaɗata, haka muka tafi har bakin titi. Da ya hango motar Baba Maulud sai ya saki. Baba Maulud ya ce, "Yau kun makara, Malam, liman ba ya jiran masu yawon daji." Abba ya ce, "Mun tsaya kallon ruwa ne."

Ranar Asabar ya fito da fasfona ya ɗora a kan firji kusa da makullinsa, don kada ya manta da safe. Na yini ina wucewa ta gabansa. Bayan la'asar, Umma na wanka, yaran sun fita, na ɗauke shi na mayar cikin akwatin Umma inda ake ajiye na kowa, na sa shi tare da na Shakir da na Ruƙayya. Yau da safe Abba ya miƙa hannu kan firjin, ya shafa, ya sake shafawa. Ya ɗauki makullinsa. Ya daɗe a bakin ƙofa yana sa takalmi. Bai tambaya ba, ya fita.

Ki gaya wa Inna ni ce na ƙi, ba ɗanta ba. Shi to ya ce, har yanzu to ɗin yake kai. In za ta yi fushi ta yi da ni, ai ta saba. Ki ce ƙawarta ta ce a mayar da katifar ɗaki kada rana ta cinye ta. Dabinon da dardumar suna zuwa a hannun Hajiya Bilƙisu. Zan roƙi Umma wayarta duk Juma'a da yamma in gaishe ta, ko da kowa na ji.

Na san halin da idonta yake ciki, na san shekarunta. Na san abin da zai iya faruwa kafin in sake shiga ɗakinta. Da saninsa na ɗauke fasfon. Zan zauna.

'Yarki,
Muhibba